Hoton Gilashin Baya

Ni ne Lado direba. Shekara goma sha tara na yi ina jan Fijo tsakanin Jibiya da Maraɗi, kuma duk wanda ya san ni a tasha zai gaya maka ba na barin mota da datti, ba na kuma barin magana ta kwana a cikina. Na farkon ya jawo mani fasinja. Na biyun kuwa, kai dai bari, ya jawo mani abin da ya jawo.

Abin da zan ba ka labari ya faru ne da bazara, gab da wani zaɓe, shekara biyu ko uku bayan an ƙaddamar da Shari'a. Lokacin gari ya yi tsit ta wani ɓangaren, an rufe gidajen giya, masu kiɗa sun tsallaka iyaka, mu direbobi mun koma zaunar da mata a kujerar baya su kaɗai. Ni ma na tsayar da gemu, na yi alkawarin daina ashar a kan hanya. Gemun ya zauna. Alkawarin ne dai yake zuwa yana tafiya.

Ta ɓangaren siyasa kuwa gari bai yi tsit ba ko kaɗan. Mutum biyu ke neman kujerar majalisa a yankinmu. Akwai Alhaji Sale Mai-Injin, na jam'iyyar da ke riƙe da gwamnati, mutum mai kumatu da murmushi har kunne. Akwai kuma Malam Barau Ticha, tsohon hedimasta, siriri kamar sandar kiwo, wanda ya koya wa rabin garin karatu. Kowannensu yana cewa shi ne zai tsare Shari'a, saboda haka ba a nan bambancin yake ba. Ni dai na Ticha ne. Ya taɓa zane ni a aji huɗu, ban kuma taɓa ƙinsa ba.

Kowace mota a tasha tana ɗauke da hoton ɗayansu a gilashin baya. To amma jandarmomin Nijar ba sa son ganin wannan. Sukan ce gilashin baya na leƙa kaya ne, siyasarmu kuma mu bar ta a gida. Don haka muka saba da wata dabara. Ba ma shafa wa hoto ƙullu, salatif huɗu kawai muke sa masa ta ciki. In ka iso bakin iyaka sai ka ɓamɓare, ka naɗe, ka ba Uwa ajiya. In ka dawo ka karɓa ka mayar.

Uwa wata dattijuwa ce mai suyar awara a gindin darbejiya, daf da shingen ƙarshe. Tana da wani tsohon daro a ƙarƙashin teburinta, a ciki take zuba hotunan, na Mai-Injin da na Ticha duk wuri guda, kowanne a naɗe, farin bayansa a waje. Kowa da alamarsa. Wani ƙyalle yake ɗaurawa, wani robar taya. Nawa jan zare ne. Na taɓa ce mata, "Uwa, ki raba masu wuri mana, kada su yi faɗa a daron nan." Ta ce, "Su ba su faɗa, ɗana. Ku ne dai."

Ran da abin ya faru na taso daga Maraɗi da hantsi, mota cike da mata 'yan kasuwa, mutanen can ne su duka, ga kaya har saman gilashi. Duwan, wato 'yan kwastan na Nijar, sun riƙe mu kusan awa biyu. Kafin mu tsallako rana ta take, zufa ta jiƙa mani riga, matan nan kuma sai mita suke kasuwa za ta watse ba su iso ba. Na tsaya gaban Uwa ko injin ban kashe ba.

"Uwa, nawa!"

Hannunta biyu a cikin suya, ta nuna daron da haɓa. "Ɗauki da kanka, mai na ƙonewa."

Na duƙa, na ga jan zare, na fizgo. Na buɗe ƙofar baya, na miƙa hannu ta saman buhunan mutane, na warware takardar a jikin gilashi, fuskarta waje, farin bayanta yana kallona, na danna salatif ɗin da ke jikinta. Minti ɗaya bai cika ba na koma sitiyari.

Gaba kaɗan akwai wani shinge na 'yan sanda, da rumfa da ɗan ɗaki guda mai taga da ƙarfe. Na san wurin nan kamar tsakar gidanmu, ba don ina sonsa ba. Tun da na liƙa hoton Ticha, duk ran da na biyo sai ɗan sanda ya zaga baya ya duba, ya dawo ya ce a sauke kaya duka. A sauke, a kwance, a shinshina, a mayar. Motocin masu hoton Mai-Injin kuwa suna wucewa ta gefena, direbobin suna ɗago mani hannu. Wannan abu ya daɗe yana cin raina, na kuma faɗa a tasha, na faɗa a masallaci, na faɗa wa matata har ta gaji da ji. Hukuma ta kowa ce, me ya haɗa kaki da hoton ɗan takara?

Na tsaya, na riga na fara haɗa maganar da zan yaɓa masu. Wani kurtu ya zaga baya kamar kullum. Sai na ji an buga saman mota sau biyu.

"Wuce, ranka ya daɗe. Allah ya kiyaye hanya."

Na leƙo na duba ko da wani yake. Da ni yake, har da sara mani. Ikon Allah! Ka san me na ce a raina? Na ce shi ke nan, sun shinshino. Sun gane Ticha ne zai ci, sun fara gyara zama. Kaina ya kumbura nan take. Na taka mota kamar hanyar ta ubana ce.

Ban yi nisa ba, bai fi jifa biyu daga shingen ba, na tarar da tireloli sun yi layi a hannuna. Mai hankali jira yake yi. Ni kuwa na karkata na shiga ɗaya hannun, na ce zan tsere su kafin wani ya taho. Sai ga wata tsohuwar akori-kura ta ɓullo, shaƙe da kwandunan tumatir, tana bin hannunta tsakani da Allah. Direbanta ya taka birki, na taka birki. Bai isa ba. Muka gogi juna, ƙarfe ya yi ƙara, madubina ya tashi, kwando biyu suka kife a kan kwalta.

Matan suka sa salati. Ni kuwa na fito kamar an watsa mani tafasasshen ruwa.

Mai akori-kurar ya sauko a hankali. Dogon mutum ne baƙi, ya ba ni shekara goma ko fiye, da furfura a gefen kai, da ƙaramin gicciye na katako a wuya. Daga baya na san sunansa Silas, manomi ne daga Mazanya, noman rani yake yi. Ya dubi tumatirinsa a ƙasa, ya dube ni.

"Haba malam. Ai hannuna ne."

Da ya zage ni, wallahi da abin ya zo da sauƙi. Wannan sanyin nasa ne ya ƙara tunzura ni. Na ce masa baƙauye, na ce wa ya ba shi mota, na ce ya koma ya hau jaki. Na faɗi wasu abubuwan da gemuna bai kamata ya ji ba. Ya sake cewa, "Malam, dubi ƙasa, ga sawun tayarka nan." Sai kawai na ɗauke shi da mari.

E, na mare shi. Dattijo, a gaban mutane. Ban tsaya nan ba, na koma mota na zaro sifana na rotsa fitilarsa ta gaba. Da na ɗaga zan sake, sai ya kama hannuna. Bai doke ni ba. Ya riƙe ne kawai, amma riƙon mai noma, na ji kamar ƙashin zai tsage. Ya murɗe sifanar ta dawo hannunsa, ya ture ni, na zauna daɓas a cikin tumatir.

A haka 'yan sanda suka same mu: ni a ƙasa, riga ja-jawur kamar an yanka ni, shi a tsaye da sifana.

Su biyu suka zo. Insfekta Abbas, mai kula da shingen, gajere mai tumbi, wanda ya sa aka sauke mani kaya ya fi sau talatin bai taɓa riƙe fuskata ba. Da kuma Kofur Hassana, wata 'yar sanda mai ɗaurarriyar fuska, da hijabi ƙarƙashin hula, ba ta rabuwa da ƙaramin littafi da tef na awo. Insfekta bai tambayi kowa komai ba. Ya tsaya bayan motata ya duba. Ya taka har bayan akori-kurar ya duba. Da ya dawo sai ya miƙo mani hannu biyu ya tashe ni.

"Sannu, Alhaji. Sannu. Bai ji maka ciwo ba dai?"

Ko Legas ban taɓa zuwa ba balle Makka, amma na karɓi Alhajin nan ban yi gardama ba.

Ya juya kan Silas, murya ta canza. "Ajiye ƙarfen nan! A sa masa ankwa. Mun san ire-irenku. Da rana tsaka a tare motarmu a kai mata hari?"

"Yallaɓai, shi ya shigo hannuna," in ji Silas. "Shi ya mare ni. Ga mutane nan, a tambaye su."

"Za ka yi bayani a Katsina. Motar ofis na zuwa bayan la'asar. Umarni muke da shi, duk wanda ya tada fitina irin wannan a ajiye shi sai an gama zaɓe."

Zaɓe saura sati uku. Na ga yadda fuskar Silas ta yi. Ya ce, "Yallaɓai, gonata na jiran ruwa gobe. Iyalina ba su san inda nake ba." Da Insfekta ya ce "ire-irenku", ni na ɗauka gicciyen wuyansa yake nufi. Kuma bari in faɗa maka gaskiya, abin bai dame ni ba.

Insfekta ya ce a janye motoci a buɗe hanya. Sai Kofur Hassana ta ce, "Yallaɓai, a ba ni minti goma in auna tukuna." Ya ce me za a auna, ai magana ta fito fili. Ta ce, "Ƙa'ida ce, yallaɓai. In an je gaba za a nema." Ya yi tsaki ya ce ta auna har dare in ta ga dama. Ta sa wani direban tirela ya riƙe mata bakin tef, ta duƙa a kan kwaltar nan mai zafi, tana bin sawun taya tana rubutawa. Ta kuma ja matan Maraɗi gefe ɗaya bayan ɗaya.

Mu kuma muka taka zuwa shingen. Aka tura Silas cikin ɗakin nan mai taga, aka rufe. Ni aka ba ni benci a rumfa, a inuwa, aka aika aka sayo mani lemo mai sanyi. Insfekta ya zauna kusa da ni yana ce mani in gai da mai gida in na gan shi, in ce masa Abbas na shinge yana tsaye daram. Na ce to. Ban gane wane mai gida ba, na zaci ko shugaban tasharmu yake nufi.

Na kai kwalbar baki, na ɗaga ido na hango bayan motata daga nesa. Wani abu ya yi mani bambaraƙwai. Ticha farar hula yake sawa, wannan kuwa kamar ja nake gani. Na ce da Insfekta bari in duba fitilar baya ko ta fashe. Na taka a hankali har na isa.

Alhaji Sale Mai-Injin ne. Kumatu, murmushi har kunne, cike da gilashina.

Innalillahi! Ashe wani direban ma jan zare yake ɗaurawa. Ni Lado, da na yi wata biyu ina zagin mutumin nan a tasha, ni ne na ɗauko shi a bayana ina yawo da shi. Komai ya warware mani lokaci guda: sarawar kurtu, Alhajin, lemon, "motarmu". Kunya ta fara kama ni, sai dariya ta so ƙwace mani, na danne. Daga nan kuma sai tsoro. In Insfekta ya gane ni ba nasu ba ne, ankwar nan hannuna za ta dawo, ga mari, ga fitila, ga shiga hannun wani.

Na daɗe tsaye a wurin. Daga ƙarshe na gyara hulata, na koma rumfa, na zauna, na ɗauki lemona.

"Fitilar lafiya?" in ji Insfekta.

Na ce, "Lafiya lau."

Na ce wa kaina ai ba ni na ƙulla ba. Na ce sun daɗe suna cin zalina, yau rana ɗaya abin ya juyo ta wajena, sai in ce ba na so? Mutumin nan kuma ai ya ture ni. Sati uku ba shekara uku ba ce. Haka na yi ta lallashin zuciyata, tana kwanciya tana tashi. Ban yarda na dubi tagar nan ba ko sau ɗaya.

Aka kira azahar. Na yi alwala da butar 'yan sanda, na bi Insfekta salla a kan tabarma guda.

Bayan mun sallame Kofur Hassana ta dawo, goshinta duk zufa. Ta jawo kujera ta zauna gabana, ta buɗe littafi.

"Malam, sunanka?"

"Alhaji ne," in ji Insfekta.

"Sunanka?" ta sake cewa, ba ta ko dube shi ba.

Na faɗa. Ta ce in gaya mata yadda aka yi, daga farko. Na fara kame-kame, na ce ina tafiya sai mutumin nan ya ɓullo da gudu. Ta rubuta. Ta ce, "A wane hannu kake?" Na ce hanyar ce matsattsiya. Ta rubuta wannan ma, ta ce, "Ban tambayi faɗin hanya ba. A wane hannu kake?" Insfekta ya ce ta daina wahalar da bawan Allah, a rubuta an kai hari, in sa hannu in tafi. Ta ce, "To yallaɓai. Amma malam, ka sani abin da ka sa wa hannu shaida ce. Kai ka san matsayinta, ba sai na gaya maka ba."

Na sani kuwa. A shekarun nan babu Juma'ar da liman ba ya taɓo shaidar zur. Na ce a ba ni ɗan lokaci, kaina na ciwo. Ta rufe littafin ta miƙe.

Ta ce da Insfekta ta gama awo, za ta sa a kawar da motoci, tumatirin nan kuma in ya ƙara awa ɗaya a rana ya zama miya. Ta karɓi makullin akori-kurar, ta ba direban tirelan nan. Ya tada ta da ƙyar, ya kawo ta kusa da shingen, ya juya ta, ya cusa kanta ƙarƙashin wata bishiya. Bayanta ya fuskanci rumfar da nake zaune.

A jikin katakon baya, an kafe shi da ƙusoshi huɗu, rana ta ɗan cinye launinsa, ga Malam Barau Ticha da farar hularsa yana kallona.

Na ji kamar an zuba mani ruwan randa. Namu ne! Mutumin da na mara, na fasa wa fitila, na bari aka rufe, namu ne. Saboda hoton Ticha za a kai shi Katsina. Abin da nake ta ɓaɓatu a kai wata biyu, shi ake yi a gabana, da hannuna a ciki dumu-dumu. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Yallaɓai, akwai magana."

"Faɗi, Alhaji."

"Ni ba Alhaji ba ne. Lado ne, direban tasha. Hoton da ke motata ba nawa ba ne, kuskure na yi na ɗauko a daron Uwa. Ni na Ticha ne, kai da kanka ka sha sa a sauke mani kaya. Ni na shiga hannun mutumin nan. Ni na mare shi, ni na fasa masa fitila. Sifanar ma tawa ce, ƙwacewa ya yi don kada in ƙara."

Kurtun da ya sara mani ɗazu ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Insfekta ya dube ni, ya dubi kwalbar lemon da na shanye, ya sake dubana. Na jira tsawa. Ba ta zo ba. Sai kawai ya saki jiki a kujera kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Au, ashe duk ku ne. To ai babu motarmu a ciki ke nan." Ya yarfa hannu. "A buɗe wancan. Ku je can ku ƙarata, kada in sake ganinku."

Wato marin ba komai ba ne, fitilar ba komai ba ce. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na fara laluben makullina. Sai Kofur Hassana ta ce, "Yallaɓai, wancan a sake shi, daidai ne. Wannan kuwa akwai ƙara a kansa."

"Wace ƙara kuma?"

Ta buɗe littafin, ta koma baya shafi biyu, ta karanta. Sawun tayar Fijo ya ƙetare tsakiyar hanya da taku huɗu. Akori-kura tana hannunta. Mata uku sun shaida direban Fijo ne ya fara duka, shi ya fasa fitila. Ta nuna masa saman shafin, inda ta rubuta lokaci: sha biyu da rabi. A lokacin ina Alhaji, ina shan lemo, kowa a wurin yana zaton yaron Mai-Injin ne ni.

"Da wannan za ki kai ofis?" in ji Insfekta. "Ko da bai yi magana ba?"

"Da shi zan kai, yallaɓai. Ko za a karanta, wannan ban sani ba."

Ya ce ta yi yadda ta ga dama, ya ɗauki hularsa ya koma bakin shinge.

Ni da nake ta neman ɗan sandan da ba ya duba hoto, ga ta na samu, ta kuma ce in cire takalmi da agogo in shiga ciki. Gobe da safe za a kai ni gaban alƙali. Ban yi musu ba. Me zan ce?

Aka buɗe ƙofa. Silas ya fito yana murza wuyan hannunsa, gefen fuskarsa ya ɗan tasa inda na mare shi. Muka haɗu a bakin ƙofar, shi zai fita ni zan shiga. Na kama hannunsa da hannu biyu. Idona ya kawo ruwa, ba na ƙarya ba.

"Yaya Silas, ka yafe mani don Allah. Wallahi ban san kai namu ba ne."

Bai fizge hannun ba. Ya dube ni da sanyin nan nasa.

"Marin na yafe, malam. Zafin rana ne, kowa na iya yi. Fitila kuma a gyara." Ya nuna tagar da kai. "Amma ina tsaye a nan tun ɗazu, ina ganin komai. Na ga ka je bayan motarka ka duba. Na ce to, ya gane, yanzu zai faɗa masu. Sai ka dawo ka zauna ka shanye lemonka. Ka yi salla. Sai da ka ga bayan tawa motar sannan ka miƙe."

Na sunkuyar da kai.

"Ba faɗa nake ba," ya ce. "Tambaya ce kawai. Da hoton Mai-Injin ne a bayan tawa, ko da babu hoton kowa, da yanzu ina ina?"

Kofur Hassana tana tsaye riƙe da makulli. Silas ya zare hannunsa a hankali. Ya yi mata godiya, ya je ya gyara ɗaurin kwandunansa, ya tada motar ya nufi iyaka da fitila ɗaya.

Na shiga, ta rufe ƙofar. Na je na tsaya a bakin tagar. Ana ganin rumfar tar, da bencin, da duk inda na taka. Jim kaɗan bayan la'asar motar ofis ta iso daga Katsina, ta tsaya, direban ya leƙo ya tambaya ko akwai wanda za a tafi da shi. Aka ce babu, ya juya.

Mutane a tasha har yau in an tuna zancen sukan ce Lado namiji ne, ya faɗi gaskiya a kan kansa. Ina jin su, ba na tankawa, ni da ba na barin magana ta wuce ni. Na sha zama in auna abin ta kowane gefe, ina neman inda zan ce ko ba hoton Ticha da na miƙe kafin la'asar. Ina so in ce da na miƙe. Amma na san yadda na zauna a bencin nan, na san kuma har na fara laluben inda zan sa hannu a littafin Kofur.